Musayar Goyo a Gidan Nas

Bayan na haifi autata jinina ya hau ya ƙi sauka. Ƙafafuna suka kumbura har takalmin da nake zuwa makaranta da shi ya daina shiga, kaina kuma kullum kamar an ɗora mini tulu. Nas ɗin da ta karɓi haihuwata dattijuwa ce 'yar asalin Anka, gajera, mai faɗa da kowa har da likitoci. Ta ɗaura mini abin awo a dantse, ta duba, ta tsuke baki.

"Malama, magani kaɗai ba shi isa," ta ce. "Zaman ɗaki shi ka kashe ki. Ki taho gidana da sahe, muna motsa jiki da mata."

Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa manya don a rabu lafiya.

Gaskiyarta ce, zaman ɗaki nake yi. Ni Bafulatana ce, a ruga aka haife ni can wajen Gwashi a ƙasar Bukkuyum. Baffana ya kai ni Gummi wurin goggona na yi boko, na zama malamar firamare, aure kuma ya kawo ni Anka. Da daji ya lalace, shanun baffana na cikin waɗanda aka fara kora, aka bar tsoho da sanda da igiyar maruƙa. Amma wannan ba a rubuce yake a goshina ba. Abin da ake gani shi ne dogon hanci da zanen gefen baki, kuma a shekarun nan duk wanda ya ga waɗannan, 'yan bindiga yake tunawa. In na shiga kasuwa sai hira ta yi ƙasa. In na hau mota sai a matsa, a ba ni wuri fiye da wanda na biya. Ba wanda ya taɓa zagina. Da ma zagin aka yi, da na san abin da zan rama, don ni bakina ba ya ciwo. Sai na koma daga makaranta sai ɗaki.

Ranar da jiri ya ɗebe ni a bakin murhu da yarinya a bayana, maigidana ya ce ko in tafi gidan Nas da ƙafata ko ya kai ni a babur kowa na gani. Na tafi da ƙafata.

Gidan Nas yana da fili babba ta baya inda ake shanya gyaɗa da kaka, katanga ta kewaye shi, ga bishiyar dogon yaro a tsakiya. Ranakun da babu makaranta mata kan taru da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A rataye hijabai a igiyar shanya, a ci ɗamara da zani bisa wando, Nas ta tsaya a gaba da usur a wuya. Za a zagaye filin da sauri har gumi ya karyo, a yi tsuguna a tashi, a ɗaga gorunan roba da aka cika da yashi, sannan a kwanta a tabarma ana ɗaga ƙafa don ciki ya koma. Nishi kuwa sai ka ce ɗakin haihuwa. Na tuna wata mai waina ta zube ƙasa tana cewa ita da take daka kullum me za ta yi da wannan wahala. Nas ta ce mata daka ya ba ta dantse, amma ya bar mata tumbinta inda yake.

Yawancinmu masu goyo ne, kuma ba a kwanciya rigingine da yaro a baya. Saboda haka Nas ta raba mu gida biyu. In ta busa usur, rabi su kwance goyonsu su miƙa wa ɗaya rabin, su shiga fili. In an sake busawa a yi musaya. Masu jira sai ka gan su a gindin bishiya, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa, ana rarrashi ana gulma. A nan ake ƙulla ƙawance, domin wadda ta share wa ɗanki majina jiya ba za ki wuce ta yau ba gaisuwa ba.

An karɓe ni da sannu da zuwa, ba zan yi musu ƙarya ba. An ba ni tabarma, an nuna mini randa. Amma da usur ya yi ƙara sai kowa ta juya ga ta kusa da ita, ni kuwa aka bar ni tsaye ina riƙe da bakin zani. Nas ta karɓi autata ta goya, ta ci gaba da busa abinta. Da aka yi musaya na koma gindin bishiya da ɗiyata kaɗai, hannuwana wayam. Na ce baƙunta ce, mako mai zuwa zai bambanta. Mako ya zo ya wuce, wani ya bi shi, babu abin da ya sake.

Akwai wata mai ɗinki a cikinmu, doguwa, mai tsabta, ba ta cika magana ba. Tana zuwa da 'yar yayenta, ga kuma ƙaramin ciki. Wata safiya abokiyar musayarta ba ta zo ba, usur ya yi ƙara tana dube-dube. Na miƙa hannu na ce ta kawo yarinyar.

"Bar ta, Malama, ƙiwa gare ta," ta ce.

Ta shimfiɗa zani a ƙasa ta zaunar da ita. Yarinyar nan kuwa babu cinyar da ba ta hau ba a gidan, har ta mai waina mai warin man gyaɗa. Na mayar da hannuna na yi kamar ɗankwalina nake gyarawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ya fi na kasuwa da na mota, domin a can wuri ake ba ni, a nan kuwa an nuna mini ana tsoron hannuna a kan yaro. Na koma gida na ce wa maigidana gara jinin ya kashe ni a ɗakina da mutuncina. Sai ya ce in ƙara zuwa sau ɗaya, in ya so in yi wa Nas sallama kamar 'yar mutane.

Ranar da na je yin sallamar ce Allah ya kawo Babarbariya. Ashe tsohuwar 'yar gidan ce, ta tafi wankan jego garinsu can Barno ta daɗe. Mijinta na cikin mutanen da suka zo haƙar zinariya a Bagega, ya ajiye ta a Anka. Ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Ƙatuwar mace, baƙa, ga zane ya cika mata fuska, ga wani jibgegen yaro a baya. Mata suka yi ca a kanta ana oyoyo. Tana cikin rungume-rungume idonta ya faɗo kaina, ta tsaya cak.

"Kai! Nas, yaushe kika samo mini baiwa ba ki aiko mini ba?"

Mai waina ta rufe baki da hannu. A lokacin nan ba wanda ke taɓa Bafulatani da irin wannan magana, kowa na lallaɓawa kamar mai tafiya a kan ƙaya.

"Ke Fulata, da ke nake," ta ce. "Uwargijiyarki ta dawo kina tsaye kamar sandar kiwo? Zo ki karɓi ɗan sarki."

Kafin in ce wani abu ta kwance majanyi, ta dire mini yaron a ƙirji, har sai da na yi baya.

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗayan bawansa ne, a yi ta zolaya, kuma ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Ina yarinya akwai wani Babarbare mai kawo wa shanu kanwa rugarmu. In sun haɗu da baffana sai su yi ta tsiya har hawaye ya zubo musu, sannan Inna ta cika masa ƙwarya da kindirmo. Na san wasan sarai, amma na yi shekaru ba wanda ya yi shi da ni, harshena ya yi tsatsa. Na dubi yaron, ya damƙi hancina yana dariya. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Baiwa ta ga uwar ɗakinta ta rikice," na ce. "Wannan ɗan mutum ne kika ba ni ko buhun kanwa? Fuskar taki kuma fa, kaji ne suka yi tono a kai?"

Ta daki cinya ta fashe da dariya, gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Nas ta sa usur a baki ta kasa busawa. Babarbariya ta shiga fili tana cewa a shaida, baiwarta ta yi ƙiba a bayan idonta, yau sai ta rage mata nono. Ni kuwa na zauna a gindin bishiya, ɗiyata a baya, ɗanta a cinya, ya yi mini fitsari har ya jiƙa zanina. Ban taɓa murna da fitsarin yaro irin ta ranar ba. Sallamar da na zo yi ban yi ta ba, kuma har yau ina gode wa Allah da ya haɗa ni da matar da ta kira ni baiwa a gaban mutane.

Hanyarmu ɗaya in an tashi, sai muka riƙa komawa tare. Wata rana na tambaye ta yadda aka yi ta gane halin da nake ciki tun ganin farko. Ta ce ai ta taɓa tsayawa inda na tsaya. Tana amarya aka kawo ta, a shekarun da gubar dalma ta yi ta ɗibar yara a Bagega da Tungar Guru da ƙauyukan da ke kewaye. Aka ce baƙi masu niƙa dutse su suka kawo wa gari masifa. In ta je rijiya sai mata su janye gugansu. Ta ce ɗanta na fari ma yana cikin waɗanda aka binne, amma ba ta ji wanda ya tuna da shi ba in ana lissafin rashin da aka yi. Na ba ta labarin shanun baffana. Muna haka har muka kai kwanar gidanta. Sai ta ce gobe in zo da wuri, ba ta son baiwa mai barci.

Nas ba makauniya ba ce, ta daɗe tana gani, dabara take nema. Bayan abin da Babarbariya ta yi sai ta samu ƙofa. Ta tara mu ta ce daga yau babu zaɓen abokiyar musaya, wadda usur ya same ta kusa da ke ita ce taki.

"Ku ji ni da kyau," ta ce. "Gidan ga ba Bahausa, ba Bahillata, ba matar ɗan gwal. Ƙabila guda ta nan, masu tumbi. Wadda ta san nata ya koma, ta tahi gida."

Aka yi dariya, amma maganar ta shiga. Mai waina ce ta fara ba ni ɗanta, tana miƙowa tana kashedi wai kada in ba shi nonon shanu ya manta da ita. Daga nan sai wannan, sai waccan. Na san masu ƙiwa da masu cizo da wanda ba ya barci sai an taɓa masa kunne. Aka fara tambayata yadda ake gane man shanu na gaskiya, aka fara kawo mini gulma da zafinta. Jinina ya soma sauka, Nas na aunawa tana gyaɗa kai. Mai ɗinki kaɗai ta ƙware wajen tsayuwa, duk sanda usur zai yi ƙara tana can ƙarshen fili. Na ji haushinta, ba zan ɓoye ba, amma na ce a raina ba dole ne kowa ya so ni ba.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen damina, aka tare ƙanen mai ɗinki a hanyar Bukkuyum. Ɗan kabu-kabu ne, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Aka harbe shi aka tafi da babur ɗin. Ita kuwa cikinta ya tsufa. Da labarin ya iso ni na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, domin na san da wane harshe za a ce maharan suna magana. Na kulle ƙofa na zauna.

Washegari Babarbariya ta yi sallama. Ranar ce kaɗai na ga ta shigo gidana ba tsiya a bakinta.

"Sa hijabinki, mu je gaisuwa," ta ce.

Na ce mata ganina zai ƙara musu zafi. Ta ce rashin ganina za su riƙe har abada, su ce na san wani abu. Na sa hijabi na bi ta.

Gidan cike yake da mata. Muna shiga na ji wata daga bayan ɗaki ta ce, "Har nan ma?" Babarbariya ta riƙe hannuna ta ja ni har gaban tabarmar mai ɗinki, ta durƙusa, na durƙusa. Na ce Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri, ya sauke ta lafiya. Ba ta ɗago kai ba, ba ta ce amin ba. Muka ɗan zauna, muka tashi. A hanya na yi kuka sosai, Babarbariya ta bar ni na yi abina.

Na daina zuwa gidan Nas. Ciwon kai ya dawo, ƙafa ta fara tashi. Sai na ji labari wasu mata sun sami Nas sun ce ko ni ko su. Ta ce musu ga ƙofa nan a buɗe ga mai fita da mai shigowa, amma ita ba za ta kori matar da ba ta kashe kowa ba, kuma in ana biyan laifin dangi da jinin uwa mai goyo, to a fara da ita, don ita ma tana da ɗan'uwa ɓarawo. Wasu suka daina zuwa, mafi yawa suka zauna. Ranar Asabar Babarbariya ta zo ta tsaya a ƙofata tana ɗaga murya unguwa na ji, wai tun da take ba ta taɓa ganin baiwa ta ba kanta hutu ba. Kunya ta sa na fito. Da na shiga gidan Nas, mai waina ta matsa ta ba ni gefen tabarmarta, ta ce ɗanta ya rame saboda kewata, wanda ƙarya ce, yaron ya ƙara kumatu.

Mai ɗinki ta haihu, namiji. Mata suka je suna, ni na ba da zani aka kai mata, ban je ba. Na ɗauka ta bar mu ke nan, har muka daina ambatonta.

Wata safiya muna zagaye fili sai ga ta ta shigo, ta yi arba'in, ta rame, jariri a baya. Aka yi mata barka da sannu, ta amsa a hankali, ta rataye hijabi ta shiga layi. Na sunkuyar da kai na koma ɗaya ƙarshen, don in sauƙaƙa mata. Nas ta busa usur. Babarbariya ta nufo ni da jibgegen ɗanta tana shirin dire mini shi, sai na ga ta tsaya, ta ja da baya. Na waiwaya. Mai ɗinki ce ta ratso filin gaba ɗaya, ta wuce duk matan da suka miƙa mata hannu, ta tsaya a gabana tana kwance majanyi.

"Malama, riƙa mani shi," ta ce.

Ta zamo da shi ta gefe ta sa mini a hannu, ɗan ƙarami, mai ɗumi, yana ƙamshin hoda.

"Sunan marigayi anka sa mai," ta ce. "Ranar da kinka zo gaisuwa na ji ki. Bakina ne ya ƙi buɗuwa." Ta gyara masa hula. "Tallabe mai kai, bai yi ƙwari ba."

Na tallabe masa kai. Babarbariya ta matso ta raɗa mini in kuskura in ɗiga wa ɗan mutane hawaye ta sayar da ni, alhali ita nata idon ya riga ya cika.

Mai ɗinki ta ɗaure zaninta ta shiga fili, ta kwanta a tabarma tare da sauran, ta fara ɗaga ƙafa Nas na ƙirga musu. Na zauna a gindin bishiya da yaron a ƙirjina ina kallonta. Ni uwa ce, na san yadda wuya ke juyawa da kansa in ka bar jaririnka a hannun wani, ko da hannun mahaifiyarka ne. Har aka sake busa usur ba ta waiwayo ba.